Na ji Hip na Steppeulvene, ina zan nufa daga nan?

Autan Gida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mako uku ke nan faifai ɗaya nake ta juyawa, Hip na ƙungiyar Steppeulvene ta ƙasar Danmak, wanda ya fito a 1967. Ko kalma ɗaya ba na ji a harshensu, amma muryar mawaƙin, Eik Skaløe, ta hana ni sakat. Ba wai zaƙin murya gare shi ba. Wani lokacin ma kamar zance yake yi, kiɗa na binsa a baya, jitar Stig Møller na ta kewaye shi. Na shiga neman faifansu na biyu, ashe babu, daga shi ba su ƙara ba. Don Allah masu sanin wannan fanni, me ya same su? Kuma wa zan saurara bayansu? Na gwada wasu 'yan Danmak na zamanin, na tarar da Turanci suke waƙa, abin bai shige ni ba.

Tsohon Mai Faifai:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Lallai ka faro daga sama. Shi Eik Skaløe mutum ne marar zama wuri ɗaya. Bayan fitowar faifan da 'yan watanni ya kama hanyar Gabas, kamar yadda samarin Turai da yawa ke yi a lokacin, kuma bai dawo ba. A 1968 aka tsinci gawarsa kusa da iyakar Indiya da Pakistan, yana da shekara 25. Shi ya sa faifan ya zama tilo.

Abin da ka ji ya kama ka kuwa, yana da dalili. Kafin Hip, galibin masu kiɗan rok a Danmak kwaikwayon 'yan Ingila da Amurka suke yi, har da harshen. Shi kuma ya rubuta baitocinsa da kansa, da yaren da samarin Kofanhegan ke hira da shi a titi. Bakinsa bai yi aron kowa ba, kunne kuwa yana gane haka ko bai san ma'ana ba. Ni ma shekaruna da yawa ina sauraronsa kafin in nemi fassarar waƙarsa "Itsi-Bitsi", na tarar kiran masoyiya ne ta zo su tafi Nefal tare.

Nemi ƙungiyar Alrune Rod, faifansu na farko na 1969. Da harshen Danmak ne, waƙoƙin dogaye, ogan da jita suna tafiya sannu a hankali kafin su tumbatsa. Ka samu dare mai shiru, kada ka saurare su kana wani aiki.

Maman Biyu:
Baba, ka yi bayani, Allah ya ƙara sani. Amma ni ban yarda Auta ya rufe ƙofa saboda Turanci ba. The Savage Rose fa? Da Turanci suka fara a 1968, amma wa zai ji mawaƙiyarsu Annisette ya ce aro take yi? Murya ce siririya kamar ta ƙaramar yarinya, sai ta tsage ta koma kururuwa, tsigar jikinka ta tashi. Thomas da Anders Koppel da suka kafa ƙungiyar 'ya'yan Herman D. Koppel ne, wanda ya shahara a tsara kiɗan gargajiyar Turai, don haka a cikin fiyano suka tashi. Mai gangarsu na farko, Alex Riel, daga jaz ya fito. A 1969 har bikin jaz na Newport a Amurka suka je. In kuma harshen ne ya tsaya maka a rai, ɗauki Dødens Triumf na 1972, wanda suka yi domin rawar bale, wato rawar dandamali ta Turawa, wadda Flemming Flindt ya tsara. Kusan duka kiɗa ne zalla. Ni shi nake sawa in raina ya yi nauyi.

Mai Algaita:
Kada a manta da Burnin Red Ivanhoe. Faifansu M 144 na 1969 faifai biyu ne a haɗe, wasu waƙoƙin da harshensu, wasu da Turanci, ga busar Karsten Vogel. Daga nan ne kiɗan ya fara karkata zuwa jaz da dogon tsari. John Peel na rediyon BBC ya so su ƙwarai. In kuma kukan jita kake so, Young Flowers, su uku ne kacal, nemi faifansu Blomsterpistolen na 1968.

Autan Gida:
Na gode ƙwarai, Baba da Yaya, da kai Malam. Jiya da dare na saurari Alrune Rod yadda Baba ya ce, waƙar farko ma sau biyu na maimaita ta. Labarin Skaløe kuwa ya tsaya mini, domin shekarunmu ɗaya da shi yanzu. Yaya, na ji maganarki, yau Annisette zan sa. Da faifan 1968 zan fara, ko in wuce kai tsaye zuwa na balen?