Ɗaurin kaya a babur don doguwar tafiya da kwanan tanti

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tafiyar mako biyu a babur, kwana a tanti. Yaya ake jera kaya, kuma me bai kamata a bari ba?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Malam, fara duba littafin babur ɗinka ka ga iyakar nauyin da aka ƙayyade masa, kuma kai kanka kana cikin lissafin. Masu nauyi, su ruwa da kayan gyara, a ƙasan jakunkunan gefe, dama da hagu daidai wa daida. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. In ka jibga nauyi a sama can baya, tayar gaba takan yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa da zarar ka ƙara wuta.

Amsa ta 2: Ɗan'uwa, kada jaka ta taɓa salansa, narkewa take. Igiyar roba tana saki, ka nemi madauri mai maƙalli, ka naɗe bakinsa kada ya faɗa cikin taya. Bayan kilomita 20 ka tsaya ka ƙara matsewa.

Amsa ta 3: Kayan faci, famfo, sifana, fis da man sarƙa wajibi ne. Rigar ruwa a sama, inda hannu zai kai da wuri.