Neman shawara: shiga burji da Corolla a tsakiyar damina

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Asabar za a ɗaura auren ƙanwar matata a wani ƙauye gaba da Ringim, ta wajen fadama. Surukaina sun daɗe suna cewa ba na zumunci, ga shi ni aka ɗora wa kai gara, uwargida kuma ta ce ba za ta hau motar kasuwa da goyo ba. An ce akwai burji da rafi. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Alhaji Direba: Wa alaikumus salam. Ka tashi bayan asuba, ka komo kwalta kafin la'asar. Cika tanki, ɗauki safaya mai iska, jak, shebur, igiyar ja da katako mai faɗi, don jak nutsewa yake a taɓo. A rafi kada ka shiga sai wani ya taka da ƙafa ka gani. In ruwan ya wuce rabin taya, juya. In bai kai ba, giya ta ɗaya, kada ka ɗaga ƙafa daga totur. Ta mutu a ciki? Kar ka sake tayarwa, ruwa ya shiga inji, kwanrod, wato ƙarfen da ke riƙe da fistan, zai lanƙwashe. In ka haye rafin ka rinƙa taka birki a hankali har ya bushe. A yashi rage iskar taya daga 32 zuwa 22.

Bakanike: Alhaji, da buhuna a but? Gefen tayar zai tsage a kan tsakuwa. Kuma Corolla cikinta ƙasa yake, tudun tsakiyar sawun manyan motoci zai fasa kaskon baƙin mai. Ya ajiye ta a gari ya ɗauki 'yan acaba.

Alhaji Direba: Yashi na ce, ba tsakuwa ba. Ya ɗora taya kan tudun, shi ke nan.

Maman Sadik: Don Allah Malam, in ka tarar da taɓo kada ka ratse ta gonar mutane. Gero ya fara fitar da kai, 'yan birni sai su bi ta kansa ba ko sannu! Ka sassauta a cikin gari saboda yara, ka tsaya wa garken shanu ba hon, ka sauko ka yi sallama kafin ka tambayi hanya. Shingen 'yan sintiri kuma a tsaya.

Baban Ummi: Na gode, amma acaba ba zai yiwu ba, kuma motata ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Bakanike: Wane ƙauye ne ma? An yi ruwa can a makon nan?

Baban Ummi: Zan tambayi uwargida.