Gemu ba ya hana ilimi, to goyo fa?

Maman Sadiq: Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masana karin magana ku taimaka min. Wannan maganar da ake cewa "gemu ba ya hana ilimi" ta haɗa da mata ko ta maza ce zalla? A Islamiyyar matan aure ta unguwarmu wani malami ya faɗa mana ita wai yana ƙarfafa mana gwiwa sai ajin gaba ɗaya aka kwashe da dariya, wata ta ce malam mu ai ba mu da gemu goyo gare mu. Ni kuma tun daga nan abin yake min yawo a kai

Baban Yusra: Wa alaikumus salam. Maman Sadiq ai karin magana ba a ɗaukarta a baƙinta. Gemu nan shekaru ake nufi, wato girma ba ya hana mutum ya durƙusa gaban malami. In aka ce "kowa ya yi haƙuri shi ke samun riba" ai ba wanda zai ce ban da mata don an ce shi. Ta haɗa kowa

Mai Shayin Kwana: hhhh wlh matar nan ta burge ni. A ƙara a littafi kawai, goyo ba ya hana ilimi, an gama

Malam Na Gwandu: Abin da Baban Yusra ya faɗa yana da madafa ko a wajen malamai. Hadisin nan da Ibn Majah ya ruwaito cewa neman ilimi farilla ne a kan kowane Musulmi, a nassinsa babu "da Musulma", mutane ne suke ƙarawa a wa'azi, malaman hadisi irin su Sakhawi sun yi bayanin cewa ƙarin ba ya cikin ruwayar amma ma'anarsa daidai ce, don lafazin namiji ya ɗauki mace. To haka gemun nan ma.

Hajiya Inna: Malam Allah ya ƙara sani, amma ni ban gamsu ba kuma zan faɗi dalili. Ku duba wa ake faɗa wa wannan magana. Dattijo ne ko magidanci da yake jin nauyin ya zauna tsakiyar yara da allo, ana ce masa kai cire girman kai ka je. Abin da ke hana shi a fuskarsa yake, a zuciyarsa yake, ranar da ya ga dama ya saka takalmi ya fita ba mai tambayarsa ina za ka. Ita mace abin da ke hana ta yawanci ba a hannunta yake ba, yana hannun uba, in ta yi aure ya koma hannun miji, wani lokacin ma uwar miji. Ka ce mata gemu ba ya hana ilimi ta ce to na ji, wa zai bar ni na fita, wa zai riƙe min yaro. Shi ya sa matan suka yi dariya, ba wai ba su gane ba ne, sun gane sarai.

Baban Yusra: Hajiya kin kai maganar wani waje daban. Tambayar ma'ana aka yi ba tambayar halin maza ba

Hajiya Inna: Ɗana ai ma'ana da wurin amfani tare suke tafiya. Magani ne mai kyau amma na wani ciwon ne daban

Malam Na Gwandu: Hajiya kin tuna min da wani abu. In ana neman takwarar wannan magana ta ɓangaren mata akwai ta tun zamanin sahabbai, kuma daga bakin mace ta fito. Nana A'isha Allah ya ƙara mata yarda ta yabi matan Ansar ta ce madalla da su, kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba, yana cikin Sahihu Muslim. Kun ga ginin iri ɗaya ne, can gemu nan kunya. Sannan a Bukhari akwai inda mata suka je suka ce wa Manzon Allah (SAW) maza sun rinjaye mu a wajenka ka ware mana rana tamu, kuma ya ware musu. Abin lura ba cewa ya yi da su ku yi haƙuri ku jira mazanku su kawo muku ba, jadawalin aka gyara.

Maman Sadiq: Allahu Akbar, wannan ta kunya ta fi shiga zuciyata gaskiya. Don ajinmu akwai wadda ta aurar da 'ya'ya uku amma in za ta tambayi hukuncin jini sai ta rubuta a takarda ta ba wata ta miƙa

Ɗan Maraɗi: Ku gahwarce ni in shigo da Hausarmu ta nan. Wagga magana ta goyo ai Nana Asma'u ɗiyar Shehu ta riga ta warware ta tun tuni ba da karin magana ba, da aiki. Ku dubi su wa ka zuwa wurinta cikin 'yan taru, wato ƙungiyar matan da ka ɗaukar karatu gare ta, tsohhin mata ne da sunka gama haihuwa da 'yan mata ƙanana da ba su kai aure ba, su ka tahiya daga ƙauyukka zuwa Sakkwato. Matan aure masu goyo suna gida. Sai ta naɗa jaji, wato shugabar ayarin matan, ta ba ta malfa da jan rawani, jaji ta hardace waƙoƙin da ta tsara da Hausa da Fillanci ta koma garinsu ta shiga gida gida ta koyar. Kenan ta san masu goyo ba su iya zuwa shi ya sa ta aika musu makaranta har tsakar gida. Ta rasu 1864 ƙanwarta Maryam ta ci gaba da abin

Hajiya Inna: Yauwa ɗan Maraɗi Allah ya yi maka albarka, ka faɗa fiye da yadda zan faɗa. Kuma ka lura tsofaffin da gemun ya kamata a ce yana nufi, su dama ba su da matsala, su ne ma malaman. Ramin yana tsakiya, daga ranar kai amarya zuwa ranar yaye na ƙarshe, shekara ashirin ko fiye. Nan ne karatun mace yake mutuwa har gobe

Malam Na Gwandu: Kuma mahaifinta ne ya share mata hanya. A littafinsa Nurul Albab Shehu Usmanu ya yi kaca-kaca da malaman zamaninsa da suke karantar da almajirai safe da yamma amma matansu da 'ya'yansu mata suna cikin duhun jahilci, ya ce sun mayar da su kamar kayan aikin gida da ake amfani da su har su fashe a jefar a juji, ya ce karantar da na waje a bar na gida neman suna ne kawai. Har wani malami ya soke shi a kan barin mata suna halartar wa'azinsa, ƙanensa Abdullahi ya mayar da martani da waƙa cewa barin su cikin jahilci shi ya fi muni. To masu gemu ya yi wa faɗa, ba matan ba.

Mai Shayin Kwana: Ashe dai gemu yana hana ilimi, na matar gida 😂

Baban Yusra: Kai Mai Shayi ba ka da dama. Amma tsakani da Allah ku daina ɗora wa maza komai. Ni na san gidaje da yawa da mijin ne yake tura matar makaranta ita ce take noƙewa, yau ciwon kai gobe biki jibi suna. Irin waɗannan ai karin maganar ta dace da su daidai wa daida, lalaci da jin nauyi ba su san namiji ko mace ba. Sannan akwai talauci, mutumin da bai iya biya wa ɗansa namiji kuɗin jarrabawa ba ba ƙiyayyar ilimin mata ce ta hana shi biya wa 'yarsa ba

'Yar Omdurman: Yaya Baban Yusra gaskiyarka a kan talauci, kuma ba wanda ya ce duk maza ne. Ni a Sudan na yi karatu kuma can mai gemu ne ma ya buɗe ƙofar. Babikir Badri tsohon mayaƙin Mahdi ne, a 1907 ya buɗe makarantar 'yan mata a gidansa a garin Rufa'a da yara 17, tara daga ciki 'ya'yansa ne na cikinsa sauran na maƙwabta, mutane suna ta surutu har Turawan mulkin ma ba su yi ɗokin abin ba don tsoron kada jama'a su tayar. Daga wannan zuriya aka samu jami'ar Ahfad ta mata zalla a Omdurman wadda ɗansa Yusuf ya assasa a 1966. Abin da nake so ku gani shi ne da 'ya'yansa ya fara, bai tsaya yana yi wa mutane karin magana ba. Mu kuwa nan sai 1930 aka buɗe makarantun boko na 'yan mata na farko a Kano da Katsina, su ma a inuwar gidan sarki suka fara don iyaye su yarda

Maman Sadiq: Ikon Allah ban taɓa jin labarinsa ba. Anti akwai irin wannan na matan aure kuwa ko duk 'yan mata ne?

'Yar Omdurman: Akwai, a Indonesiya. Rahma el-Yunusiyya, an yi mata aure tana 'yar shekara 16 auren bai ɗore ba, a 1923 ta buɗe Diniyya Putri a garin Padang Panjang a tsibirin Sumatra, makarantar addini ta mata zalla, kuma akasarin ɗalibanta na farko matan aure ne masu ƙuruciya. Dalilinta ma irin na ajinku ne, ta ga in an haɗa aji da maza mata ba sa iya buɗe baki su tambayi abin da ya shafe su. Shugaban Azhar ta Masar ya ziyarci makarantar a 1955, bayan shekara biyu Azhar ta ba ta laƙabin Shaikha, kuma ana danganta buɗe sashen mata na Azhar da abin da ya gani a can. Ki duba fa, Azhar da kanta ta koyo daga wata bazawara a Sumatra

Ɗan Maraɗi: To ni ina da tambaya, waccan da aka cewa "duk karatun mace a kicin shi ka ƙarewa" ita ma karin magana ta ko mi?

Malam Na Gwandu: A'a wannan ba ta cikin maganganun magabata, zancen teburin mai shayi ne da ya samu gindin zama saboda yawan maimaitawa.

Mai Shayin Kwana: Malam a bar teburina ya huta dan Allah, masu faɗin haka in matarsu na naƙuda su ne na farko wajen ihun a nemo likita mace

Hajiya Inna: Wannan kam ka faɗi gaskiya. Kuma ba mu kaɗai muka yi wannan jayayyar ba, Saudiyya da muke kallo da daraja sai 1960 gwamnati ta fara buɗe makarantun 'yan mata, kafin nan sai masu zaman kansu kamar Darul Hanan da Iffat, matar Faisal wanda daga baya ya zama sarki, ta buɗe a Jidda a 1955. A garin Buraida sai da aka tura jami'an tsaro suka tsare makarantar saboda masu adawa. Dabarar da suka yi sai suka damƙa kula da makarantun matan a hannun manyan malamai don hankalin iyaye ya kwanta, aka ce ba dole amma ba mai hana wanda yake so. Yau mata sun kai rabin ɗaliban jami'o'insu ko sun fi. Ga kuma Afghanistan da tun 2021 aka rufe wa 'yan mata sakandare, ƙarshen 2022 aka haɗa da jami'a. Yarinyar Kabul ba girman kai ya zaunar da ita a gida ba, je ka ce mata gemu ba ya hana ilimi ka ji amsar da za ta ba ka

Baban Yusra: Hajiya na ji, amma har yanzu ina nan a kan bakata cewa ta fuskar ma'ana maganar ta haɗa mata. Abin da zan yarda da shi kawai shi ne ba kowace mace za a faɗa wa ba. Tsohuwar da jikokinta suka girma tana jin kunyar shiga ajin yaƙi da jahilci, wannan a faɗa mata, ta dace da ita ɗari bisa ɗari. Mai jego kuma mijinta za a nema

Hajiya Inna: To in an nemo mijin me za a ce masa, wace karin maganar gare ku ta wannan?

Baban Yusra: Ba sai da karin magana ba, a ce masa ya bar ta ta je

Maman Sadiq: Yaya bari kawai bai isa ba fa. Ajinmu ƙarfe huɗu zuwa shida ne, daidai lokacin ɗora girkin dare kuma yara sun dawo daga boko, wadda mijinta ya bari ma rabin zuwanta fashi ne. Mun roƙi a mayar da shi goma na safe malaman suka ce su ma a lokacin suna wajen neman abinci tunda ba albashi ake ba su ba, ɗari biyu biyu muke haɗawa duk sati

'Yar Omdurman: Ba malama mace ko ɗaya a makarantar?

Maman Sadiq: Akwai ɗaya Anti, ita ma ta haihu watan jiya tana wankan jego a gidansu