Saura kati ɗaya fulosh ya cika, sai ya tura duka: ku me kuka yi?

Ɗan Yelwa: Salamu alaikum 'yan'uwa. Mu a ɗakinmu da murafun kwalba muke buga kartar poka, ba kuɗi, kada wani ya fara mini wa'azin caca. Daren Asabar ina riƙe da 8 da 9 masu zuciya, an buɗe kati huɗu cikin biyar a ƙasa, biyu masu zuciya ne, saura mai zuciya ɗaya in cika fulosh, wato kati biyar masu alama iri ɗaya. Murafu 100 a tsakiya, sai abokina ya tura 100 da suka rage masa. Na bi. Na ƙarshe ya fito baƙi, na tashi ko murfi ɗaya babu. Wa ya taɓa shiga wannan halin, kuma ya ya ƙare?

Mai lissafi na Fadaman Mada: Wa alaikumus salam ƙanena. Na shiga, ba sau ɗaya ba, har sai da na zauna da biro. Karta 52 ce, masu zuciya 13. Huɗu suna gabanka, saura 9. Katin da ba ka gani ba 46 ne. Wato 9 cikin 46, bai ma kai ɗaya cikin biyar ba. Kai kuma ka zuba 100 don ka kwashi 200, sai kana ci sau ɗaya cikin uku kafin ka fita ba riba ba asara. Ka ga ka sayi kaya da tsada. Da 25 ya zuba a kan 100 ɗin, ɗaya cikin shida kawai kake buƙata, nan ni ma zan bi ba gardama. Tun da na gane haka na daina tambayar zuciyata, farashin nake tambaya.

Ɗan Yelwa: To Yaya, da a kati uku na farko ya tura fa?

Mai lissafi na Fadaman Mada: Can kati biyu ne suka rage maka, damarka ta kai kusan 35 cikin 100. Da ƙyar ta haye ɗaya cikin uku, amma ta haye.

Tela a Wunti: Ni nawa ya fi naka ciwo. Na bi, mai zuciyar ta fito, na miƙe ina ihu, har na fara jawo murafu. Mutumin ya kalle ni kawai ya buɗe nasa: shi ma fulosh, amma da as, katin da ya fi kowanne girma. Nawa 7 ne babba. Har yau in na shiga majalisar sai an ce ga mai bakwai ya zo. Don haka tara ɗin nan da Malam ya ƙirga, in katinka ƙanana ne, ba duka ne naka ba.

Na Gubi: Haka ne, kuma in akwai lamba biyu iri ɗaya a ƙasa, fulosh ɗinka na iya cika a doke ka da cikakken gida, wato kati uku masu lamba ɗaya haɗe da biyu masu wata lamba ɗaya. Ya faru da ni a waya, da cif ɗin banza, wato murafun wasa da manhaja ke rabawa.

Direban Muda Lawal: Ku kuna ta lissafi, ni mutum nake kallo. Akwai wani a cikinmu, burga ce sana'arsa, da an yi shiru sai ya tura duka. Ranar ina jiran fulosh da as a hannuna, na bi shi. Fulosh bai zo ba, amma shi ma ba komai gare shi, as ɗina ya ci.

Mai lissafi na Fadaman Mada: Wannan ma lissafi ne Alhaji, kai dai ba ka rubuta ba. In mai burga ne, katin da zai cece ka ya wuce tara. Ɗan Yelwa, abokin naka sau nawa ka taɓa kama shi yana burga?

Ɗan Yelwa: Wallahi ko sau ɗaya. Shi in ya tura, to akwai. Ranar ma sarki uku ya buɗe mini.