A ba ni shawara: na yi niyyar kai sari na siliki gidan biki, an ce tsohuwar gidan ba ta ɗaura shi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata ta uku ke nan ina karatun haɗa magunguna a Mysuru, jihar Karnataka ta ƙasar Indiya. Gidan da nake haya na mabiya addinin Hindu ne, ba sa cin nama, ko ƙwai ba ya shiga kicin ɗinsu. Matar gidan ta riƙe ni kamar 'yar cikinta. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, ita ta yi jinyata a asibiti. Yanzu za ta aurar da 'yarta, na ɗan tara kuɗi don in saya mata sari na siliki, ita da surukarta, tunda garin nan da shi ya yi suna. Da na shawarci amaryar, sai ta ce mamanta za ta yi murna, amma kakarta ta daɗe da barin siliki, wai akwai alhakin rai a jikinsa. Abin ya ɗaure mini kai, don kayan amaryar cike suke da siliki, har gumakan ɗakin ibadarsu da shi ake yi musu sutura. Ya halatta a addininsu ko bai halatta ba? Ba na son abin arziki ya koma cin fuska.

Ɗalibin noma, Bengaluru:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, tsohuwar ba da ka take magana ba. Tsutsar siliki ganyen mulberi take ci, in ta ƙoshi sai ta naɗe kanta cikin ƙwanso da zare ɗaya tal, mai tsawon ɗaruruwan mitoci. In aka bari ta zama malam-buɗe-littafi ta huda ƙwanson ta fita, zaren ya tsintsinke. Shi ya sa ake turara ƙwanson ko a jefa shi a tafasasshen ruwa tana ciki. Sari guda kuwa sai an haɗa ƙwanso dubbai. Kasuwar ƙwanso ta Ramanagara tana kan hanyarki ta zuwa Bengaluru, na taɓa shiga, na ga yadda ake zube su tuli-tuli. Wanda ko ƙwai ba ya ci, ba abin mamaki ba ne wannan ya tsaya masa a rai.

Anti Mai Jinya, Chennai:
Ƙanwata, na daɗe a cikinsu, kuma su kansu bakinsu bai zo ɗaya ba. A gefe guda suna ɗaukar siliki tufa mai tsarki. A gidajen Birahmin, wato dangin malaman addininsu, na kudancin Indiya, zanen auduga sai an wanke shi ya bushe ba wanda ya taɓa kafin a yi ibada da shi, amma da yawansu sun yarda siliki ba ya ɗaukar wannan ƙazantar. Amarya a jihar Tamil Nadu kuwa, in ba ta ɗaura sarin siliki na garin Kanchipuram ba kamar bikin bai cika ba. A ɗaya gefen akwai ahimsa, wato kada ka cutar da mai rai, kuma ginshiƙi ne a wurinsu. Babban malaminsu na Kanchipuram ɗin nan, Chandrasekharendra Saraswati, wanda ya rasu a 1994, ya yi ta kiran mata su bar siliki su koma auduga, saboda kisan da kuma nauyin da yake ɗora wa talaka a biki. Har yau akwai tsofaffin da ke riƙe da maganarsa. Ba su da majalisa ɗaya da ke yanke wa kowa hukunci, kowane gida da malaminsa. Kada ki kai wa tsohuwar siliki ko da ba za ta mayar miki ba. Za ta karɓa don kunya ta jefa a akwati, ke kuma kin yi asarar guminki.

Maman 'Yan Biyu:
Ki nemi wanda ake kira siliki na ahimsa mana. Wani jami'in masaƙa a Andhra Pradesh, Kusuma Rajaiah, ya yi suna da shi: sai ƙwaron ya fita da kansa ake kaɗa zaren kamar auduga. Ya fi tsada, kuma ba ya sheƙi sosai.

Ɗalibin noma, Bengaluru:
Amma a yi hattara da masu shago. Za su nuna miki wani siliki da ake kira eri, na jihar Assam, wanda tsutsarsa ke cin ganyen zurma, su ce ba a kashe komai ba. Gaskiya ƙwansonsa a buɗe yake ta gefe guda, sai dai a can mutane kan ciro tsutsar su ci.

Hajiya Mai Atamfa, Kano:
'Yata, mu ma mun san wannan zaren. Rigar tsamiya da kakanninmu ke ji da ita daga gidan tsutsar daji ake samo zarenta, alharini kuma a da ta Sahara yake zuwa mana. A wurinmu halal ne ga mace, namiji aka hana, kuma kyautata wa maƙwabci ba a tambayar addininsa. Sai dai ki faɗa a fili cewa na ɗaurawarsu ne, ba na ɗakin gumaka ba. Ita tsohuwar, me zai hana ki ba ta abin gidanku? Ki sa a aiko miki auduga rinin Ƙofar Mata. Ki tambayi tsayin zanenta tukuna, don na ji wasu tsofaffinsu yadi 9 suke ɗaurawa, ba 6 ba.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Na cire kunya na tambayi matar gidan da kanta. Ta ce ita siliki take so, kore, na ranar ɗaurin aure. Surukarta kuwa tun wata rana da ta shiga wurin da ake dafa ƙwanson tana ƙuruciya ta yi alkawarin ba za ta ƙara ɗaurawa ba, kuma ba ta taɓa hana kowa a gidan ba. Hajiya, kin yi gaskiya, yadi 9 ne. Na kira yayata a Kano, akwai ɗalibar da za ta dawo kafin bikin, ita za ta taho mini da zanen audugar na tsohuwar.