Wane kaset ne ke ɗauke da wace VM? Ina neman shawara kafin mu fara kai su ajiya waje

Sabon-shiga: Assalamu alaikum. Muna da VM 40 (kwamfutocin da manhaja ke ƙirƙira a cikin sabar, wato babbar kwamfuta), manhajar ajiyar kwafi ta Veeam ke kwafe su zuwa faifai, daga nan zuwa kaset ɗin ajiyar bayanai nau'in LTO-8 (ƙarni na takwas na LTO). An ce duk mako a fitar da kaset-kaset a kai wani gini. Idan aka ce in dawo da VM guda ta watan jiya, ta yaya zan san kaset ɗin da zan aika a ɗauko? In buɗe Excel ne, ko in dogara da manhajar?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Fara da lambar bakod da ke manne a jikin kaset. Harafi takwas ne: shida na farko sunan kaset, biyun ƙarshe nau'insa, wato L8. Kada kaset biyu su taɓa haɗa lamba ɗaya, ko da tsohon ya lalace. Ware media pool (rukunin kaset a Veeam) daban domin na waje kawai, ka saita aikin ya buɗe sabon media set (jerin kaset da ake rubutawa a jere) duk mako, ya turo kaset ɗin bakin fitarwa na na'urar kaset idan ya gama. Sai ka buɗe media vault (rajistar kaset ɗin da ke waje a cikin Veeam) da sunan ginin, duk wanda ya fita ya koma can a lissafi. Ranar dawo da VM manhajar da kanta za ta faɗa maka lambobin.

Dan-Linux: Ku bar kaset mana, ku tura gajimare, wato ajiyar intanet.

Hajiya Sabar: Ba abin da ya tambaya ke nan ba. Injiniya, ka tsallake babban abu. Katalog ɗin, wato jerin abin da ke cikin kowane kaset, yana zaune ne a kan sabar, kuma gobarar da ta ci VM ita za ta ci sabar. Na ga inda haka ta faru: kaset sun tsira a waje lafiya lau, amma babu mai sanin abin da ke cikinsu. Sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana karanta katalog, aka tarar an kulle su da kalmar sirri, kalmar kuma tana kan sabar da ta ƙone. Aikin shekaru ya tashi a banza. Ƙanena, duk akwatin da zai fita ka sa masa takarda: lambar kaset, ranar rubutawa, sunan aikin, ranar da wa'adinsa zai ƙare. Kwafin saitin Veeam ma ya fita waje. Kalmar sirri kuma a ajiye ta wuri na uku, ba cikin akwatin ba.

Injiniya: Gaskiya ne, Hajiya. Ƙari: cikakken kwafi da ƙananan da ke binsa sarƙa ɗaya ce. Idan VBK (cikakken kwafin) na kaset ɗaya, VIB (ƙaramin kwafin canje-canje) na wani, ɗaya ya ɓata, ranar ba ta dawowa. Na waje ya zama cikakke kawai.

Sabon-shiga: To kaset nawa zan tanada? An ce kowanne na ɗaukar TB (terabayt) 30.

Dan-Linux: 30 ne, a jikin kwalin ma an rubuta.

Malam Kaset: 12 ne. Wannan 30 ɗin lissafin matsewa ne, 2.5 zuwa 1, kuma Veeam ya riga ya matse fayilolin, diraif, na'urar da ke rubutawa da karanta kaset, ba zai ƙara komai ba. Mutumin gajimare ne zai koya mana kaset?

Dan-Linux: Malam, ai ba gado ba ne, karatu ne.

Malam Kaset: To karanta wannan. Diraif LTO-7 na karanta har LTO-5, amma LTO-8 baya ɗaya kawai yake komawa, LTO-9 ma haka. Shugabanni su ce a riƙe bayanai shekara bakwai, sannan su sayar da tsohon diraif ranar da sabo ya iso. Wa zai karanta LTO-6 ɗin da ke ajiye?

Hajiya Sabar: Kuma ba su yarda a ware rana a gwada dawo da VM daga kaset ɗin waje ba, sai masu bincike sun zo.

Sabon-shiga: Na gode. Amma Excel ɗin fa, in buɗe ko in bari?

Malam Kaset: Tukuna, akwai LTO-6 a ajiyarku?