Waɗanda suka taɓa haɗa jitar bes da wenge ko bubinga, me kuka gani?

Mai Koyo: Assalamu alaikum, manyana. Na samu katakon wenge da zan yi wuyan jitar bes da shi, da bubinga na gangar jiki, kuma niyyata in yi mai tsirkiya huɗu a tsawon tsirkiya inci 34, ma'aunin da kamfanin Fender ya fito da shi a jitarsa Precision Bass tun 1951. Kafin in ɗora zarto, ina roƙon waɗanda suka riga ni su faɗa mini abin da suka ci karo da shi.

Tsohon Kafinta: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka ajiye zarton tukuna. Wuyan farko da na yi, mako biyu da sayen katakon na yanke shi saboda kyansa ya ruɗe ni, bayan wata uku kuwa ya murɗe, irin murɗewar da sandar ƙarfen cikin wuya ba ta gyarawa, domin lanƙwasa kaɗai take miƙarwa. Tsirkiyoyi huɗu suna jan wuya da ƙarfin kusan kilo 80 dare da rana, kuma katako mai danshi ba ya jure wannan. Yanzu ba na taɓa shi sai na'urar awo ta nuna danshi kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari, sannan in tsaga shi gida uku, in juya na tsakiya, in manne su. Ka kuma kiyayi sartsen wenge. Wani ya shige mini ƙarƙashin farce, ban ciro shi duka ba, kwana biyu yatsan ya kumbura ya tara mugunya.

Mai Tsirkiya Biyar: Gaskiyar Baba ce. Ni nauyi ne ya ba ni wahala. Na yi gangar jikin da bubinga zalla, muryarta ta fito da kauri yadda nake so, amma da na ɗora ta a sikeli sai ga kilo biyar da rabi, kuma bayan awa ɗaya a tsaye kafaɗata ta hagu sai ta sage. A lokacin na fahimci hikimar ƙanƙanta jikin jitar Thumb da kamfanin Warwick ya yi, wadda ita ma bubinga ce. Ta biyu na yi ta da katako marar nauyi, na lulluɓe fuskar da bubinga mai kaurin milimita 6. Sai dai kada jikin ya yi sakayau da yawa, in ba haka ba wuyan wenge zai riƙa rinjayarsa yana sunkuyawa ƙasa da zarar ka saki hannu.

Mai Allon Yatsu: Ƙanena, idan za ka sa katakon kokobolo a allon yatsu, ka goge shi da asiton, sinadarin cire maiƙo, dab da shafa gam, domin maiƙonsa ne ya sa nawa ya ɓalle daga gefe. Garinsa ya feso mini ƙuraje a hannu, shi ya sa ba na gugar sa ba takunkumi da safar hannu. Ka adana takardun bubingarka kuma, tunda ta shiga jeri na biyu na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, a 2017. An sassauta wa jitar da aka gama a 2019, amma ɗanyen katako ba ya ƙetare iyaka sai da izini.

Mai Koyo: Na gode ƙwarai. Na auna wengen yau, kashi 13 ya nuna. Na shafe bakinsa biyu da kakin zuma, na jera shi a kan 'yan sanduna yadda iska za ta ratsa. Baba, duk bayan kwana nawa kake sake aunawa?